Waiwaye: Gonar Bush da tushen rikicin filayen baƙaƙen manoma a Amurka

Muhawarar da ake yi a Amurka kan yadda baƙaƙen fata suka rasa gonakinsu takan fara ne da alƙaluma: a 1920 baƙaƙen manoma sun kusa miliyan ɗaya, yau kuwa ba su kai 50,000 ba. Sai dai lamarin ya girmi waɗannan alƙaluma nesa ba kusa ba, kuma rayuwar William Owen Bush, manomin da ya zama ɗan majalisar jihar Washington, shaida ce.

An haife shi a Missouri a 1832. A 1844 mahaifinsa, George Bush, wani baƙar fata manomi, ya kwashi iyalinsa a keken shanu suka nufi yamma, suka tarar an haramta wa baƙaƙe zama a Oregon, sai suka ƙetare kogin Columbia suka yi sassabe kusa da Tumwater, a jihar Washington ta yanzu, a 1845.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne dokar rabon filaye ta 1850, wadda ta ba magidanci da matarsa eka 640 a ƙasar da asalinta ta ƙabilun 'yan asalin Amurka ce, amma ta cire baƙaƙe daga cikin masu cin gajiyarta. Ke nan mutumin da ya shekara biyar yana tumɓuke kututture ya wayi gari ba shi da takardar mallakar ko taƙi ɗaya. Da abinci ya yi ƙaranci a 1852, George ya ƙi sayar wa 'yan kasuwa alkamarsa da tsada, ya buɗe rumbu ya raba wa maƙwabta. Maƙwabtan nan ne suka tsaya masa, majalisar yankin ta kai kuka a 1854, kuma a 1855 Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka ta musamman da sunansa ta tabbatar masa da gonar. Abin da ya fi damuna shi ne gida ɗaya tak aka buɗe wa ƙofa, sharaɗin launin fata kuwa ba a taɓa shi ba.

A kan wannan takarda Owen ya gina komai nasa. Hatsin gonar ya ci lambar yabo a baje kolin Philadelphia a 1876, aka zaɓe shi a majalisar jiha ta farko a 1889, ya kuma tsaya kai da fata a kan dokar 1890 da ta kafa kwalejin aikin gona, wadda a yau ita ce Jami'ar Jihar Washington da ke Pullman. Ya rasu a 1907.