Sabon SSD, Windows ta ƙi hawa: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Da zarar ɗalibai sun dawo Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tambayoyin nan ne ke cika mini waya dare da rana. Ga amsoshinsu wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a kira.

Na sa sabon SSD, kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. SSD faifan ajiyar bayanai ne, kuma sabon faifai fanko yake zuwa, kai za ka loda masa Windows daga filashi.

Wane irin filashi?

Mai 8GB ko fiye. Kuma ba kwafe fayil ɗin ISO (fayil ɗin Windows da ake saukowa da shi daga intanet) ake yi a jefa ciki ba, da manhajar Rufus ake haɗa shi. Duk abin da ke cikin filashin zai goge.

Wane maɓalli zan danna ta tashi daga filashin?

HP, F9. Dell da yawancin Lenovo, F12. Tun tana kunnuwa ake dannawa, ba sai tambari ya wuce ba.

Zan bar tsohon faifaina a ciki?

Cire shi! Sau nawa zan faɗa? Mutum ya zo wurin zaɓen faifan da za a loda wa Windows, ya ga layuka da yawa, ya goge wanda furojet ɗinsa ke ciki, sannan ya zo idonsa jajur. Ko ba ka goge komai ba, Windows kan ajiye fayilolin tashinta a tsohon, ranar da ka cire shi sabon ya ƙi tashi.

Tana cikin lodawa sai ta tsaya cak, ko allo ya koma shuɗi. Mai shago ya cuce ni ne?

Dakata tukuna, ƙanina, kada ka tafi Sabon Gari ka ci kwalar mutum. Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma a abin da na gani SSD ɗin ne na ƙarshe da ya kamata a zarga.

Fara da lura da inda take tsayawa. In kullum a kaso ɗaya take cijewa, filashin na fi zargi, ko ISO ɗin da bai sauko cikakke ba saboda intanet ta yanke. Lambobin kuskure 0x8007025D da 0x80070570 sau da yawa nan suke nunawa, amma ba kullum ba, don RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai matsala ma tana jawo su. Sake saukar da ISO daga shafin Microsoft, haɗa shi a wani filashin daban, ka canza ramin USB.

In kuwa yau ta mutu nan, gobe can, hankalina ya fi karkata ga RAM. Mai sandar RAM biyu ya cire ɗaya ya gwada, sannan ya musanya. Duba haƙoran zinaren nan na gefenta: bayan hunturu za ka tarar ƙura ta kwanta musu ja-ja-ja, ka goge a hankali da magogin fensir, ka mayar har ka ji ta ce ƙas. MemTest86, manhajar gwajin RAM, zai tabbatar maka, sai dai yana cin awanni, kuma wucewa zagaye ɗaya ba ya wanke RAM gaba ɗaya.

In mutuwa take yi ɗif ba tare da wani saƙo ba, taɓa ƙasanta. A zafin Maris da Afrilu, laftof ɗin da fankarta ta toshe tana kashe kanta ne don kada ta ƙone. Haka wadda batirinta ya mutu: a ɗauke wuta na ƙiftawar ido, aiki ya ɓaci. Kada ka fara sai kana da wutar da ka amince da ita.

Sai duk wannan ya wuce za mu dubi SSD ɗin. Jabu suna nan a kasuwa, ban musa ba. A jona shi a wata kwamfutar a duba shi da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kodayake na jabu kan iya nuna lafiya lau. Ka adana rasit ɗinka.

Wurin zaɓen faifai babu komai, fari fat.

In furosesan Intel ɗinka zubi (generation) na 11 ne ko sama, wataƙila VMD ne, wani saitin Intel da ke ɓoye faifan in babu direbansa. Kashe shi a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga tun kwamfuta tana kunnuwa, ko ka sa direbansa, Intel RST, a filashi ka loda. In ko BIOS ma ba ta gan shi ba, wataƙila SSD nau'in NVMe ka saya alhali ramin kwamfutarka na nau'in SATA ne. Duka M.2 ake ce musu, amma ba ɗaya ba ne.

Ta ce faifan GPT ne, ba za ta hau ba.

GPT tsarin raba faifai ne na zamani, kai kuma ta tsohuwar hanya, Legacy, ka tayar da filashin. Koma BIOS ka zaɓi sabuwar hanya, UEFI.

Windows 11 ta ce kwamfutata ba ta cancanta ba.

Tana son TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), RAM 4GB, faifai 64GB, da Intel zubi na 8 zuwa sama. HP EliteBook 840 G3 da ta cika hannun ɗalibai zubi na 6 ce. Rufus na iya tsallake sharuɗɗan, amma Microsoft ba ta yi alkawarin sabunta maka ita ba. Windows 10 kuma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. In karatu da rubutu kawai kake yi, gwada Linux Mint, madadin Windows, daga filashi ka gani kafin ka sake kashe kuɗi.