Jarrabawar motsa jiki a tsakiyar bazara: kira ga ɗalibai da iyayensu

Duk shekara, ɗaliban da za su zauna jarrabawar sakandare ta BEPC da Probatoire da Bak a Garwa da Marwa da Kuseri da ke arewacin Kamaru sukan fita fili domin jarrabawar motsa jiki, wadda a makaranta ake kira EPS. Akwai gudu, akwai tsalle, akwai jifan dalma, kuma makin da aka samu yana shiga lissafin sakamako. Abin da ke damuna a matsayina na ma'aikacin lafiya shi ne lokacin da take faɗowa, wato cikin bazara, sa'ad da zafin rana a yankinmu kan haura digiri 40.

Ɗalibi yana iya kwana yana bitar tarihi ya wayi gari da wani abu a kansa, amma ƙafa da huhu ba sa karɓar haddar dare ɗaya. Jiki yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, shi kuwa ƙarfin numfashi sai an yi makonni ana gina shi. Saboda haka a fara atisaye tun da sauran wata ɗaya da rabi, bayan sallar asuba ko gab da magariba, a soma da gudun sassarfa na minti 10 zuwa 15, ana ƙarawa sannu a hankali, ana kuma barin ranar hutu a tsakani. Idan ya rage kwana biyu a sassauta, domin wanda ya gajiyar da jikinsa a jajibiri ya riga ya zubar da makinsa.

Shan ruwa tun ana gobe ake fara shi, kuma launin fitsari ne ma'auni: idan ya yi duhu, ruwan jiki bai isa ba. Ranar jarrabawa a karya da abu mara nauyi kamar kunu, sa'a biyu kafin a fita, a tafi da gorar ruwa, sannan a ɗumama jiki kafin a kira suna.

Iyaye, a nan nake roƙonku. Yaron da ke da sikila, ko fuka, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, da yarinyar da ke fama da ƙarancin jini har tana jin jiri, a kai su asibiti a duba su da gaske tun kafin ranar. Idan likita ya ga gudun zai cutar da su, zai ba da takardar da za a kai makaranta, kuma babu abin kunya a cikin haka. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama a makon ma a sanar da malaminsa, kada a ce ya daure.

Sai batun tramol, wanda wasu samari ke sha da sunan neman ƙarfi. Wannan ƙwaya ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Abin da take yi shi ne ɓoye ciwo da gajiya, alhali su ne ke gaya wa mutum ya tsaya kafin ya faɗi. Tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana danne numfashi, ga shi kuma tana kama mutum ya kasa rabuwa da ita. Duk abokin da ya miƙo maka ita a bakin fili, ka ƙi karɓa.

Idan ɗalibi ya fara tangaɗi, ko amai, ko magana ba kan gado, jikinsa kuma ya yi zafi ƙwarai, bugun rana ne, kuma yana kisa. A ɗauke shi zuwa inuwa nan take, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki ana yi masa fifita. Kada a ɗura masa ruwa a baki idan ba ya cikin hayyacinsa, kuma a ci gaba da sanyaya shi har a isa asibiti.