Kai AC 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi

Wai har yanzu mutane da sun shigo daga rana sai su danna rimot har 16, a zatonsu sanyin zai fi saurin zuwa. Ba haka ba ne fa. AC ɗin da ba inbata ba (inbata shi ne mai ƙara gudu ko ragewa da kansa), kwamfuresonsa, wato injin da ke samar da sanyin, gudu ɗaya yake yi, ko 16 ka sa ko 24 iskar ɗaya ce, lambar nan kawai tana gaya masa lokacin da zai tsaya ne. A 16 kuwa da kyar yake tsayawa, sai dai mita ta yi ta cin kuɗi.

Bango da siminti su ke riƙe zafi, shi ya sa ɗakin ke jan lokaci. A kan wannan ne masu bincike suka sa ido, suna haɗa kwamfuta da hasashen yanayi da lokacin da mutane ke shigowa da farashin wuta, sai na'urar ta fara sanyaya ginin tun da safe kafin rana ta take. Jami'ar ETH Zurich ta gwada wannan a wani ginin ofis kusa da Basel a Suwizalan, har dumamawa lokacin hunturu kwamfutar ce ke tsarawa.