Yabo da Karramawa a Wurin Aiki

Yabo da karramawa a wurin aiki su ne hanyoyin da shugaba, ko ma'aikata, ko abokin aiki ke bi don nuna wa mutum cewa an ga ƙoƙarinsa kuma an ji daɗinsa. Abin ya kama tun daga "sannu da aiki" da ake ce wa masinja a bakin ofis, har zuwa lambar girma da shugaban ƙasa ke rataya wa mutum a wuya. Ya bambanta da albashi, domin albashi haƙƙi ne da aka yi yarjejeniya a kansa tun kafin a fara aiki, shi kuwa yabo ƙari ne da ke zuwa bayan an ga abin da mutum ya yi. Galibi daga sama yake saukowa, amma akwai wanda ke gudana tsakanin tsara da tsara, kuma ma'aikata da yawa sun fi ɗaukar wannan da muhimmanci, tunda abokin aiki ne ya san ainihin wahalar da aka sha.

A al'adar Hausawa

Harshen Hausa ya tanadi gaisuwa ta musamman ga mai aiki. Ba a wuce manomi a gona, ko magini a kan katanga, ko mace a bakin turmi ba a ce "sannu da aiki" ko "sannu da ƙoƙari" ba, wanda ya wuce shiru kuwa sai a ɗauke shi mai girman kai. Babba kan ce wa na ƙasa da shi "Allah ya yi albarka", shi kuma yaro ya ce wa babba "Allah ya saka da alheri" ko "Allah ya ƙara girma". Karin magana ma ta ce yabon gwani ya zama dole, ta kuma ce yaba kyauta tukuici.

Inda aka fi ganin yabo a fili shi ne wurin gayya. Idan samari suka jeru a kan kunya, makaɗin noma na biye da su da gangarsa, yana kiran kowa da sunansa da kirarinsa. Wanda ya riga fita kunya shi ake zugawa, wanda aka bari a baya kuma ya sha habaici, ga 'yan mata sun kawo fura suna kallo. Ba a biyan kowa ko sisi, amma sai gonar da za ta ci mako guda ta ƙare kafin la'asar. Daga irin wannan ne sarautun sana'a suka samo ƙarfinsu, kamar Sarkin Noma, da Sarkin Maƙera, da Sarkin Pawa, da Sarkin Aska. A da, a ƙasashen Katsina da Maraɗi, manomin da ya kai dami dubu a shekara kan yi bikin dubu, ya raba hatsi ga jama'a, sunansa ya fita.

A kasuwa kuwa, babbar karramawa ita ce sallama. Yaron shago kan yi shekaru yana yi wa maigidansa hidima a wuri kamar Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi a Kano, in amanarsa ta tabbata sai maigida ya ware masa jari, wani lokaci har da shago, ya gabatar da shi ga abokan hulɗarsa. Tela kan yaye yaronsa da keken ɗinki, bakanike kuma da akwatin kayan aiki.

Sai dai Bahaushe ba ya cika yabon mutum a gabansa. Akwai kunya, akwai kuma tsoron kambun baka, shi ya sa ake haɗa yabo da "tubarkalla" ko "masha Allah". Maigida na iya shekara bai ce wa yaronsa "ka yi ƙoƙari" ba, amma ya gaya wa baƙonsa, a inda ya san maganar za ta koma kunnen yaron, cewa "ai wannan yaron da kake gani, shi ne shagon." Wanda bai san al'adar ba sai ya zaci rowar yabo ce, alhali yabon ne ya bi ta bayan gida.

Mahangar addini

Musulunci ya ƙarfafa godiya ga mutane. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ke cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. A gefe guda kuma an yi kashedi da wuce gona da iri: Muslim ya ruwaito umarnin a watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabo, kuma a Buhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya kambama wani a gaban Annabi (SAW), aka ce masa abin da ya yi tamkar yanke wuyan ɗan'uwansa ne. Malamai kan fassara wannan da yabon da ba gaskiya ba, ko wanda zai jefa mutum cikin jiji da kai. Hadisin Ibn Majah na a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe shi ne ke tuna wa masu gida cewa daɗin baki ba ya maye gurbin lada.

Binciken masana

Nazarin zamani kan wannan batu ya fara tashe ne da gwaje-gwajen da aka yi a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Chicago a Amurka, daga 1924 zuwa 1932. An fassara sakamakon da cewa kulawar da aka nuna wa ma'aikata ce ta ƙara musu himma, ba ƙarin hasken fitila ko canjin lokacin hutu ba, kodayake masanan da suka sake duba bayanan daga baya sun ce an zuzuta abin.

A 1959 masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Sun tambaye su lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi jin haushinsa, sai amsoshin suka rabu gida biyu. Haushi ya fi fitowa daga tsarin kamfani, da halin shugaba, da yanayin wurin aiki, da albashi. Daɗi kuwa ya fi fitowa daga cim ma wani abu, da yabon da aka samu a kansa, da ɗora wa mutum nauyi. Ma'anar ita ce gyara albashi na kashe ƙorafi, amma ba shi kaɗai ke sa mutum ya zage damtse ba. A 1971 wani masanin, Edward Deci, ya ƙara wani abu: ɗaliban da ya riƙa biya dala guda kan kowane wasan wasa ƙwaƙwalwa da suka warware sun rage sha'awar wasan bayan an daina biyansu, waɗanda aka yaba musu da baki kuwa ba su rage ba.

Tsare-tsaren hukuma

A Najeriya dokar lambobin girma ta 1964 ce ta kafa lambobin da suka fara daga MON da MFR har zuwa GCON da GCFR, kuma akwai lambar NPOM da Cibiyar Bunƙasa Ƙwazon Aiki ta Ƙasa ke shiryawa don ma'aikata da kamfanoni. A cikin ma'aikatu abin da aka fi sani shi ne takardar yabo, wadda ake sa kwafinta a fayil ɗin ma'aikaci, sai liyafar ban-kwana ga wanda ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. A nan ne ake jawabai, a miƙa allon karramawa da turmin shadda ko atamfa da abokan aiki suka yi karo-karo suka saya. Faransa na da lambar aiki da aka kafa a 1948, mai hawa huɗu, ta shekara 20 da 30 da 35 da 40. Japan ta ware 23 ga Nuwamba a matsayin hutun godiya ga aiki, a Amurka da Kanada kuma wasu kamfanoni kan yi ranar yaba wa ma'aikata a Juma'ar farko ta Maris, al'adar da ta faro a 1995.

Inda ake samun matsala

Babbar illa ita ce yabo ya sauka a kan wanda ba shi ya yi aikin ba, wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙaramin ma'aikaci ya kwana yana haɗa rahoto, darakta ya karanta shi a taro a tafa masa, sunan mai rubutun bai fito ko a shafin ƙarshe ba. Direbobi da masu shara da masu gadi sun fi kowa shan wannan, domin aikinsu ba a lura da shi sai ranar da ba a yi shi ba. Haka kuma idan kyautar gwarzon wata ta koma zagaye tsakanin 'yan gaban goshin shugaba, sai ta haifar da hassada maimakon himma. Ga kuma mai ritayar da aka cika da jawabai ranar ban-kwana, sannan ya shiga zaryar neman fansho da garatuti.

Misalin da tarihi ya fi riƙewa shi ne na Alexei Stakhanov, mahaƙin kwal a yankin Donbas na Tarayyar Sobiyet. A daren 30 zuwa 31 ga Agusta 1935 aka sanar cewa ya haƙo tan 102 cikin ƙasa da awa shida, alhali abin da aka ƙayyade wa mutum ɗaya tan 7 ne. Aka ba shi gida da kuɗi, jaridu suka ɗauka, har hotonsa ya hau bangon mujallar Time a watan Disamba na shekarar. Abin da ba a kambama ba shi ne an shirya masa ramin tun da wuri, kuma akwai masu kafa katakon tokare rufi da ke biye da shi, aikin da a ƙa'ida mahaƙi ke yi da kansa. Hukuma ta ɗauki wannan adadi ta kafa hujja da shi, a shekarar da ta biyo baya aka ɗaga ma'aunin aikin da ake bukata daga ma'aikata a masana'antu da dama, har wasu suka riƙa tsangwamar abokan aikinsu da aka yi wa irin wannan karramawar.