Bincike kan ilimin addinin Kirista a coci-coci da kwalejoji

Bincike kan ilimin addinin Kirista fanni ne na nazarin jami'a da ke duba yadda ake koyar da bangaskiyar Kirista, da yadda mai koyo yake karɓarta, da abin da koyarwar take bari a halinsa. Fagensa ya haɗa da makarantar Lahadi, ajin baftisma, ƙungiyoyin matasa, makarantun da ikkilisiya ta mallaka, kwalejoji da jami'o'in Kirista, da makarantun tauhidi inda ake horar da fastoci. Masu wannan nazari suna aro daga tauhidi da tarihi da ilimin halayyar ɗan'adam da na zamantakewa. Tambayar da ta fi daɗewa a cikinsa, wadda kowane zamani yake sake ɗaukowa, ita ce ko aji ne yake gina bangaskiya, ko kuwa gida da jama'ar ikkilisiya.

Tushe

Tun kafin a sami fannin, akwai abin da zai nazarta. A ƙarnukan farko na ikkilisiya ba a yi wa baligi baftisma nan take ba. Sai ya zauna a matsayin mai neman shiga, ana koyar da shi ana kuma lura da zamansa, a wasu wurare har shekara uku. A Iskandariya ta Masar an yi wata makaranta da ake dangantawa da Kilimas da Orijin a ƙarshen ƙarni na 2 da farkon na 3. Sairil na Urushalima ya bar darussan da ya yi wa masu shirin baftisma wajajen shekarar 350. Wajajen 400 kuma Agustin na Hippo ya rubuta wa wani dikin na birnin Kataj a Arewacin Afirka shawara kan koyar da sababbin shiga, har ya taɓo abin da malami zai yi idan ɗalibi ya fara hamma: ya ba shi wurin zama, ya sako abin da zai farkar da shi, ko ya taƙaita magana.

Zamanin gyaran ikkilisiya ya kawo katikizim, wato koyarwa ta tambaya da amsa. Martin Luther ya zaga coci-cocin karkarar Saksoni a 1528, ya tarar mutane da yawa ba su san Addu'ar Ubangiji ko Dokoki Goma ba, wasu fastocin ma ba su iya koyarwa ba. A 1529 ya fitar da katikizim biyu, ƙarami da babba, ya kuma tsara ƙaramin yadda maigida zai karanta wa iyalinsa. Na Heidelberg ya biyo baya a 1563, na Roma a 1566. Majalisar Trent, babban taron shugabannin Katolika, ta umarci a kafa makarantun horar da limaman Katolika a 1563, 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, kuma suka kammala tsarin karatun makarantunsu a 1599. Masana tarihi sun yi amfani da rahotannin irin wannan zagaye na coci-cocin Jamus don auna ko ƙoƙarin ya ci nasara. Gerald Strauss ya ce a 1978 galibi bai kai ga burinsa ba, wasu masana kuma suka ce masu zagayen laifi suka fita nema, shi ya sa laifi ya cika takardunsu.

Makarantar Lahadi an fi danganta farawarta da Robert Raikes, mai buga jarida a Gloucester ta Ingila, wajajen 1780, ko da yake akwai waɗanda suka riga shi. Yaran talakawa ne da ke aiki kwana shida a mako, ana koya musu karatu ranar Lahadi da Littafi Mai Tsarki a matsayin littafin aji. Nan ma akwai saɓani: E. P. Thompson ya ɗauke ta hanyar lanƙwasa talaka ya bi umarni, Thomas Laqueur kuwa ya nuna a 1976 cewa talakawan da kansu ne suka riƙe yawancin makarantun.

Zamansa fanni na jami'a

A 1811 Friedrich Schleiermacher, malami a sabuwar Jami'ar Berlin, ya ba wa tauhidin aiki gurbinsa a cikin karatun tauhidi, koyarwar ikkilisiya na ciki. A Amurka kuwa wanda ake yawan farawa da shi shi ne Horace Bushnell, fasto a Hartford. A zamaninsa tarurrukan farkarwa sun yi ƙarfi, ana ganin yaro a waje yake har ran da ya tuba a fili. A 1847 Bushnell ya ce kamata ya yi yaro ya tashi Kirista, kada ya taɓa sanin kansa a matsayin wani abu dabam. Hujjarsa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma halin iyaye da yanayin gida suna koyarwa tun kafin yaro ya iya magana. An yi masa ca a lokacin, amma kusan duk binciken da ya biyo baya ko dai yana gwada maganarsa ne ko yana ja da ita.

Edwin Starbuck ya raba takardun tambayoyi kan tuba ya buga sakamakon a 1899, inda ya gano yawancin tuban yana faruwa ne a shekarun balaga. A 1903 aka kafa Ƙungiyar Ilimin Addini a Chicago bisa jagorancin William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago, John Dewey na cikin waɗanda suka yi jawabi a taronta na farko. Mujallarta ta fara fitowa a 1906, har yau kuma ana buga ta. George Albert Coe ne ya zama babban muryar wannan tafiya, yana cewa manufar koyarwa ita ce gina al'umma mai adalci ta hanyar abin da yaro yake yi da hannunsa, ba haddar amsoshi kawai ba.

Gwajin gaskiyar yara

Binciken da ya fi girgiza masu koyarwa shi ne na Hugh Hartshorne da Mark May a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Columbia, wanda aka fara a 1924 aka buga shi a kundi uku tsakanin 1928 da 1930. Sun gwada yara wajen 11,000, ba ta hanyar tambayarsu ko suna da gaskiya ba, sai ta ba su damar yin maguɗi suna zaton ba mai gani. A wani gwajin, yara suna rubuta jarrabawa, a karɓi takardun a kwafe amsoshinsu a ɓoye, sannan a mayar musu da takardun tare da amsoshin gaskiya a ce kowa ya yi wa kansa maki. Duk wanda ya goge ya gyara, kwafin zai tona shi. A wani kuma ana ce wa yaro ya rufe ido ya sa alama a cikin ƙananan da'irori, aikin da ba ya yiwuwa daidai sai an leƙa. Akwai kuma akwatunan wasa da aka sa tsabar kuɗi a ciki.

Abin da suka samu shi ne, yaron da ya yi gaskiya a wani yanayi yana iya yin maguɗi a wani, kuma zuwa makarantar Lahadi bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba. Abokai da gida da yanayin aji sun fi alaƙa da halin yaro. Daga baya masana lissafi sun sake duba alƙaluman suka ce akwai ɗan daidaito a halin mutum fiye da yadda aka fara fahimta. Duk da haka binciken ya tilasta wa ikkilisiya ta raba abu biyu da ta saba haɗawa: sanin abin da yake daidai, da aikata shi.

Komawa ga tauhidi

A 1940 Harrison Elliott ya kare tafiyar Coe, a 1941 H. Shelton Smith ya ce ta manta da zunubi da alherin Allah. Randolph Crump Miller ya nemi tsakiya a 1950. A ɓangaren masu ra'ayin bishara, Lois LeBar ta Kwalejin Wheaton ta dage a 1958 cewa hanyar koyarwa ma daga Littafi Mai Tsarki ya kamata a ɗauko ta.

Katolika sun bi tasu hanyar. Josef Jungmann ya koka a 1936 cewa katikizim ya zama taƙaitaccen littafin tauhidi maimakon shelar bishara. Ɗalibinsa Johannes Hofinger ya shirya jerin tarurrukan nazari a Nijmegen a 1959, Eichstätt a 1960, Bangkok a 1962, Katigondo ta Uganda a 1964, Manila a 1967 da Medellín a 1968, inda hankali ya riƙa komawa ga al'adar mai koyo da halin da yake ciki. Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da sanarwa kan ilimin Kirista a 1965.

Girman tunani da girman bangaskiya

A Ingila, Ronald Goldman ya buga a 1964 hirar da ya yi da ɗalibai 200 masu shekara 6 zuwa 17. Ya ba su labarai uku, na Musa da kurmi mai cin wuta, da ƙetare Bahar Maliya, da jarabtar Yesu, yana yi musu tambayoyi irin su me ya sa Musa ya ji tsoron duban Allah. Ƙananan sun ba da dalilai na abin da ido yake gani, kamar tsoron wutar ko kamannin fuska. Sai wajen shekara 13 ko 14 ne maganar tsarki da rashin cancanta ta fara fitowa. Bisa ra'ayin Jean Piaget, masanin matakan girman tunanin yara, Goldman ya ce ana ba wa yara sassan Littafi Mai Tsarki da yawa tun ba su kai ba. Manhajoji sun canja saboda wannan, masu suka kuma suka ce ya auna iya bayani ne, alhali yaro yana iya riƙe labari a zuciya tun bai iya fassara shi ba.

James Fowler ya fitar da matakai shida na bangaskiya a 1981, bisa hira da mutum 359. An zarge shi da mai da tafarkin Bature mai ilimin jami'a ma'auni ga kowa. John Westerhoff a 1976, da C. Ellis Nelson kafin shi, sun ce tsarin aji ya gaza, bangaskiya daga sujada da zaman tare ake ɗaukarta. Thomas Groome ya kawo a 1980 hanya mai matakai biyar da ke farawa da abin da ɗalibi yake yi a rayuwarsa, ta haɗa shi da labarin Kirista, ta ƙare da yanke shawara. Tasirin Paulo Freire, masanin ilimi ɗan Brazil, a bayyane yake a cikinta.

Manyan ƙididdiga

A 1990 cibiyar Search ta Minneapolis ta buga binciken da ta yi kan mutum fiye da 11,000 daga ɗariku shida na Furotesta a Amurka. Hirar addini a gida da ingantacciyar koyarwa a coci su ne suka fi tafiya tare da balagar bangaskiya. Christian Smith da Melinda Denton sun tambayi matasa fiye da 3,000 ta waya, suka zauna da 267 ido da ido, suka buga sakamakon a 2005. Yawancin matasan ba tawaye suke yi wa addinin iyayensu ba, bin sa suke yi, amma ba su iya faɗin abin da suka gaskata ba. Allahn da suke kwatantawa mai son mutum ya zama na kirki ne, ya ji daɗi, a kira shi in matsala ta taso. Iyaye ne suka fito a matsayin mafi tasiri, fiye da fasto ko shugaban matasa.

Kan makarantun Katolika, James Coleman da abokan aikinsa sun ce a 1982 ɗalibansu, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi, sun fi ƙoƙari a karatu. Ana ci gaba da gardama ko makarantar ce ta yi aikin ko irin iyayen da suke zaɓarta.

Kwalejoji da makarantun tauhidi

A nan tarihi ya fi rinjaye. Harvard, wadda aka kafa a 1636, da Yale a 1701, da Princeton a 1746, duk daga ikkilisiya suka fito. George Marsden a 1994 da James Burtchaell a 1998 sun bi diddigin yadda irin waɗannan makarantu suka rabu da coci-cocin da suka haife su. Burtchaell ya nazarci guda 17, ya nuna rabuwar ba a rana ɗaya take zuwa ba: kuɗi ya fara fitowa daga wani wuri, a daina duba bangaskiya wajen ɗaukar malamai, sujadar safe ta zama ta ganin dama. Robert Benne ya amsa a 2001 da misalin makarantu shida da suka riƙe asalinsu. Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar da ƙa'idojin jami'o'in Katolika a 1990.

Game da horar da fastoci, Edward Farley ya ce a 1983 karatun tauhidi ya wargaje zuwa darussa da ba su san juna ba. A Guatemala a 1963, makarantar tauhidi ta Firesbiteriyan ta fara kai darasi wurin shugabannin coci a ƙauyukansu maimakon kwaso su zuwa makarantar kwana, tsarin da ya bazu zuwa Afirka da Asiya.

Inda binciken bai yi yawa ba

Mafi yawan alƙaluman da ke sama daga Amurka da Turai suke, alhali yawancin Kiristocin duniya a yau suna Afirka da Latin Amurka da Asiya. A Afirka an fi rubutu kan tarihin makarantun mishan, tun daga Kwalejin Fourah Bay da aka buɗe a Freetown a 1827 har zuwa kwamitocin Phelps-Stokes da suka binciki ilimi a Afirka, na 1920 zuwa 1921 da na 1924, waɗanda James Aggrey, malami ɗan ƙasar Ghana ta yau, ya kasance cikinsu. Koyarwa da harshen uwa, da koyar da wanda bai iya karatu ba, da rawar waƙa da zumuntar mata, duk suna buƙatar nazari fiye da wanda suka samu.

Batun awo ma bai mutu ba. Leslie Francis ya tsara ma'auni mai jimloli 24 na ra'ayin mutum game da addinin Kirista a 1978, an kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. Wasu masana tauhidi suna cewa ana iya ƙirga zuwa coci da yawan addu'a, amma ba a iya ƙirga bangaskiya. Masu ƙididdiga suna amsawa cewa ikkilisiyar da ke kashe kuɗi da lokacin mutane kan koyarwa tana da hakkin sanin abin da ke fitowa daga ajinta.