Jirgin ƙasan Legas da tafiyar hawainiya: tambayoyi da amsoshi

Mutanenmu na Agege, Mushin da Oshodi masu bin jirgi suna yawan ƙorafi, wai an ce jirgi ya fi danfo (ƙaramar bas ɗin haya ta Legas) sauri amma sai ka ga yana jan ciki, wani lokacin ma ya tsaya cak inda babu tasha. Ga abin da ke faruwa.

Wane jirgin ake nufi tukuna?

Uku ne. Akwai Blue Line daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023. Akwai Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, tashoshi 8, ya fara a Oktoban 2024. Waɗannan biyun LAMATA, wato hukumar sufuri ta jihar Legas, ce ke kula da su, da katin biyan kuɗin sufuri na Cowry ake shiga. Sai tsohon jirgin reluwe na gwamnatin tarayya mai zuwa Ijoko daga Iddo. Ƙorafin ya fi yawa a kan na biyu da na uku.

Injin ne ba shi da ƙarfi?

A'a wallahi. Wasu daga cikin jiragen Red Line daga Ingila aka kawo su, kuma can suna gudun kilomita 200 a awa guda. Amma tsakanin tasha da tasha a nan, a matsakaici, bai fi kilomita 4 ba, kafin ya ɗau wuta ya fara taka birki.

To me ke hana shi gudu ko a inda hanya ta miƙe?

Nan ne maganar take, kuma ita ce ta fi damuna. Tayar jirgi ƙarfe ce, a kan ƙarfe take gungurawa, ba ta kama hanya irin yadda tayar mota ke kama kwalta, shi ya sa in direba ya taka birki sai jirgin ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Saboda haka ake yanka wa kowane yanki na layin dogo iyakar gudunsa, direban da ya wuce ta ya karya doka.

Yanzu duba layin nan daga Agege zuwa Mushin. Mai tumatir ta baje faranti a gefen dogo, mai gwanjo ya shimfiɗa takalma a kan tsakuwa, ɗan acaba na neman tsallakawa da buhun albasa a baya, yaran makaranta na bi ta inda aka ɓalle katanga. Jirgi ya yi ham, kowa ya ja kayansa taku biyu, ya wuce a mayar. Dan Allah wane direba ne mai imani zai sheƙa gudu a irin wannan wuri? A ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi awon gaba da bas ɗin ma'aikatan jihar Legas a mahaɗar PWD da ke Ikeja, mutum 6 suka rasu. Gadojin sama da aka yi a Ikeja, Mushin, Yaba da Oyingbo don raba mota da jirgi aka yi su, amma gada ba ta hana mai kasa kaya zama a kan dogo.

Me ya sa yake tsayawa inda ba tasha?

Red Line ba shi kaɗai ke da hanyar ba, yana raba ta da jirgin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021. Ƙa'ida ita ce jirgi biyu ba sa shiga yanki ɗaya na dogo lokaci guda, in na gaba bai fita ba kai sai ka jira a ba ka hannu.

Shi kuma na Ijoko fa?

Wannan tsufa ne. Siririn dogo ne irin na zamanin Turawa, layin da ya isa Ibadan tun 1901, ga kwana-kwana, ga damina in ta zo ruwa ya kwashe tsakuwar da ke riƙe da dogon, ga ɓarayi masu kwance ƙarafa. Duk inda injiniyoyi suka ga ƙasa ta yi laushi sai su rage gudun wurin har a gyara. Ga kuma lodin da ya wuce kima, da matasa masu hawa saman tarago, abin da ni dai ina roƙon ƙannenmu su daina.

Amma Blue Line ba ya irin wannan jan ƙafar, me ya sa?

Hanyarsa tasa ce shi kaɗai, wani ɓangaren a sama yake a kan gada ta ratsa ruwa, sauran an killace shi, kuma da lantarki yake aiki, yana saurin tashi da tsayawa. Lantarkin a jikin wani ƙarfe yake kusa da dogon, don haka kar wanda ya yi gangancin tsallaka shi.

Akwai ranar da jirgin da ke bin layin Agege zuwa Mushin zai ƙara sauri?

Akwai, in an rufe layin ruf da katanga, an ƙara gadojin ƙafa a inda mutane suka saba tsallakawa, an kuma samar wa masu kasa kaya wurin zama na gaskiya, don korar su kawai ba ta aiki, gobe za su dawo. Shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na unguwanninmu su ma su sa baki, a cikin masu sana'a a bakin dogon nan akwai namu da yawa.