Waiwaye: Yadda Kwamfuta Ta Shiga Tsakanin Malamin Karkara Da Lasisinsa

A shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta, yara suka cika azuzuwa a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano, har da yankin da ya zama Jigawa a 1991. Malamai suka yi ƙaranci. A 1976 ɗin aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin a horar da waɗanda aka ɗauka cikin gaggawa. A wancan zamani mai takardar Gireti Tu cikakken malami ne, alli da allo da littafin darasi sun wadatar da shi. Daga baya aka ce NCE, takardar kammala kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai malamai suka yi ta tururuwa zuwa kwalejojin ilimi na Gumel da Kumbotso da Bichi.

Dokar da ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, ta fito a 1993. Shekaru da dama rajistar ba ta wuce ka kai takardunka ka biya kuɗi ba. A 2017 al'amarin ya sauya: hukumar ta fara shirya jarrabawar cancanta, kuma a kan kwamfuta ake yin ta, kamar yadda JAMB ta koma gaba ɗaya tun 2015. A 2017 ɗin ne kuma Jihar Kaduna ta yi wa malamanta gwaji, aka ce sama da 21,000 sun faɗi, maganar ingancin malamai ta karaɗe Arewa. Gwamnatin Tarayya ta sa ƙarshen Disambar 2019 a matsayin wa'adin da marasa rajista za su bar aji, ko da yake wa'adin ya wuce ba a ga an aiwatar ba.

A nan ne nake ganin an haɗa abu biyu da ya kamata a rarrabe. Malamin da ke koyarwa a wani ƙauye bayan Ringim ko Sumaila, makarantarsa ba wuta, sabis ɗin waya ma sai ya hau tudu. Ranar jarrabawa zai yi asubanci ya hau mota zuwa Dutse ko Kano, a zaunar da shi gaban na'ura. Tambayar da ke gabansa a kan dabarun koyarwa ce, ya kuma san amsarta, amma hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta, kibiyar tana zillewa, agogo a kusurwar allo yana cin lokacinsa. Wani yana jin nauyin ɗaga hannu ya kira mai sa ido, kada a ce malam guda bai iya ba. Idan sakamako ya fito ya faɗi, takarda ba za ta nuna ko ilimin ne ya gaza ko hannun ba.

Wanda ya ci ma, cin nasa bai tabbatar da cewa zai iya koyarwa da na'ura ba. Danna A ko B daban, shirya darasin lissafi a kwamfuta ga yara masu yawa da ke zaune a ƙasa daban. Da yawa sun yi kwas ɗin kwamfuta a kwaleji, amma a allo aka zana musu ita, suka haddace sunayen sassanta suka wuce.

Annobar korona ta tona wannan a 2020. Da aka rufe makarantu, rediyo ne ya ɗauki darussa zuwa karkara, domin shi ke cikin kowane gida. A 2022 Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin karatu ta intanet, sai dai amfaninsa yana hannun malamin da ke da babbar waya da kuɗin data, kuma daga albashinsa zai cire.

Abin takaici shi ne Jigawa ba baƙuwar wannan fanni ba ce, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure. Kano kuwa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Yanzu WAEC ma ta fara gudanar da wasu jarrabawoyinta a kan kwamfuta, kuma malamin da aka bari ya koyi riƙe linzami a ɗakin jarrabawa shi ake jira ya shirya ɗaliban ƙauyensu.